Tashar Penn: An Sayar da Sama, An Bar Fasinja a Rami

A ranar 28 ga Oktoba, 1963, ma'aikata suka kafa injina a gaban tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania da ke tsakiyar birnin New York, suka shiga sauke ta. Masu ita ne suka ba da kwangilar rusau ɗin, hukumar birni ta sa hannu, jama'ar gari kuma suka riƙa ratsa ƙura suna sauri kada jirgi ya bar su, domin a shekaru ukun da aka kwashe ana rushewa jirage ba su daina tashi daga ƙasa ba. Shekarar ginin 53 kacal a duniya.

Sama da shekara 60 ke nan ana kukan wannan ɓarna. An rubuta littattafai, an yi fina-finan tarihi, kowane ɗan siyasar birnin ya ƙware wajen girgiza kai idan an ambaci tsohuwar tasha. Ni wannan kuka bai burge ni ba, saboda halin da ya kai ga rusau ɗin yana nan da ransa, kuma da yawa daga masu girgiza kan su ne ke ɗauke da shi. Duk mai iko ko mai kuɗin da ya dubi tashar Penn, fili yake gani a tsakiyar Manhattan, inda kowane takun ƙasa dukiya ne. Mutumin da ke fitowa da asuba daga New Jersey ko Long Island ya shigo aiki, ya koma gida bayan magariba, shi ne na ƙarshen wanda ake tunawa da shi, alhali dominsa ake kiran wurin tasha.

Kafin 1910, jiragen kamfanin Pennsylvania Railroad iyakarsu bakin kogin Hudson ta ɓangaren New Jersey. Fasinja sai ya sauka da kayansa, ya shiga jirgin fito, sannan ya taka Manhattan. Shugaban kamfanin, Alexander Cassatt, ya ƙudura cewa sai jirginsa ya shiga har cikin gari. Aka haƙa ramuka biyu a ƙarƙashin Hudson, huɗu a ƙarƙashin East River zuwa Long Island, aka sa jirage masu aiki da lantarki, tunda jirgin kwal ba zai bi dogon rami da hayaƙinsa ba. Cassatt ya rasu a 1906 bai ga ƙarshen aikin ba. Tashar ta buɗe a 1910, shekara guda kafin layin dogo ya iso Kano.

Masu zanen gini na McKim, Mead & White ne suka tsara ta. Ta mamaye daga titi na 31 zuwa na 33, tsakanin babban titi na 7 da na 8, kimanin eka 8. An sa mata dutse mai launin ruwan hoda daga Milford ta jihar Massachusetts, da jerin ginshiƙai, da mutum-mutumin gaggafa guda 22. Zauren jira an kwaikwayo shi ne daga gidan wankan Caracalla na tsohuwar daular Rum, tsayin rufinsa ya kusa ƙafa 150. Amma abin da ya fi duk wannan amfani shi ne zauren hawa jirgi, mai rufin gilashi da ƙarfe, inda hasken rana ke sauka har kan layin dogo. Mutum na tsaye a sama yana hangen jirginsa a ƙasa, ya san matakalar da zai bi ba tare da ya tambayi kowa ba. Kada kuma a ɗauka waɗanda suka gina ta waliyyai ne. Kafin su aza tubali sai da suka share ɗaruruwan gidaje a unguwar Tenderloin, inda talakawa ke zaune, cikinsu har da baƙaƙen fata da dama, kuma ba a cika sa waɗannan cikin masu makokin ba.

A 1945, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, fasinja sama da miliyan 100 suka bi ta tashar. Daga nan ciniki ya fara ja da baya. Amurkawa suka koma mota, gwamnatin tarayya ta kafa dokar shimfiɗa manyan hanyoyi a 1956, jiragen sama masu sauri suka kwashe masu doguwar tafiya. Kamfanin ya shiga asara, kuma wannan uzuri ne na gaskiya, ban musanta ba. Abin da suka yi da uzurin shi ne abin kunya. Suka daina wanke ginin har dutsen ya yi baƙi ƙirin, gilashin rufi ya dushe. Suka cika zaure da allunan talla, suka shigo da motocin sayarwa suka girke, suka dasa wani sabon wurin sayar da tikiti mai rufin ƙarfe da fitilu masu kashe ido a tsakiyar zauren jira. Da wurin ya gama komawa abin ƙyama, sai suka juyo suka ce wa jama'a: ku duba da idonku, tsohon gini ne mai datti, ba abin da yake yi sai cin kuɗi. Ka ƙi wanke abu shekara da shekaru, sannan ka kafa hujja da dattinsa! Wannan dabara ba ta tsufa, kuma ba a New York kaɗai ake yin ta ba.

Cinikin da aka ƙulla da Irving Felt, mai dandalin wasanni na Madison Square Garden, shi ne a ba shi sararin da ke saman layin dogo ya gina sabon dandali da dogon benen ofisoshi. Kamfanin jirgi ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na sabon ginin, da ƙaramar tasha a ƙarƙashin ƙasa. Maigida ne ya ba masu kiɗa da 'yan dambe hayar ɗakunansa, ya ce wa iyalinsa su koma kwana a ƙarƙashin rumbu. A watan Agustan 1962 wasu masu zanen gini da marubuta, cikinsu har da Philip Johnson da Jane Jacobs, suka fito da kwalaye suna zanga-zanga a ƙofar tashar. Ba su kai ɗari biyar ba, a birni mai mutum kusan miliyan 8. Hukumar tsara birni ta ba Garden izinin shekara 50. Ginshiƙai da sassaƙe-sassaƙen da aka sauke, manyan motoci suka kwashe su suka zubar a juji a fadamar Secaucus ta New Jersey. Wasu daga cikin gaggafan sun tsira, huɗu aka kai su kan wata gada a Philadelphia.

To, ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Sabon Garden ya buɗe a Fabrairun 1968. A wannan watan ne kamfanin Pennsylvania ya haɗe da tsohon abokin hamayyarsa New York Central, suka zama Penn Central. Zuwa Yunin 1970 Penn Central ya karye, karayar da ba a taɓa ganin mai girmanta ba a tarihin kamfanonin Amurka zuwa lokacin. Shekara huɗu bayan an gama kwashe ɓaraguzai, kamfanin da aka ce don a cece shi ake rusau ya faɗi warwas. Abu ɗaya da aka tsira da shi shi ne dokar kare gine-ginen tarihi da magajin gari Robert Wagner ya sa wa hannu a 1965. Ga tashar Penn ihu ne bayan hari, amma dokar ce ta hana a ɗora dogon bene a kan tashar Grand Central, har Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a 1978.

Ga abin da aka bar wa fasinja. Kafin annobar korona, mutum wajen 600,000 ke bi ta tashar Penn a ranar aiki, fiye da kowace tashar jirgin ƙasa a Amurka. Layi 21 ne da dandamali 11, kuma shimfiɗarsu ita ce dai ta 1910. Dandamalin siriri ne, ga ginshiƙan da ke ɗauke da Garden da benen ofisoshi sun ratso ta cikinsa, ga matakala ta cinye sauran wurin, har a wasu gurabe mutum biyu ba sa gittawa cikin sakewa. Saboda ƙuncin nan ba a son jama'a su sauka su jira a ƙasa. Sai a tara su a sama, kowa ya ɗaga kai ya zuba wa allo ido, ba a bayyana layin da jirgi yake sai saura 'yan mintuna ya tashi. Lamba na fitowa sai taron ya ɓarke a guje zuwa matakala guda, mai jaka da mai goyo da mai sanda, kowa ta kansa yake. Tsofaffin hannu kan tsaya a bakin matakalar da suke kyautata zaton ita ce, tun kafin allo ya nuna. Haka ake yi kowace yamma, a birnin da ke kiran kansa cibiyar kuɗin duniya.

Tashar kuma iyayen gidanta uku ne. Amtrak, kamfanin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1971, shi ke da ita, alhali fasinjansa ne mafi ƙaranci. Jiragen Long Island na ƙarƙashin hukumar sufuri ta jihar New York, wato MTA. Jiragen New Jersey na jiharsu ne. Kowa da zaurensa, da wurin tikitinsa, da allunansa, baƙo ya yi ta bulayi a tsakani. Abin takaicin ma shi ne jiragen New Jersey da dama, bayan sun sauke mutane, sukan wuce ta ƙarƙashin East River zuwa ma'ajiyar jirage ta Sunnyside a Queens, ba kowa a ciki. Wanda ke son zuwa Queens daga Newark dole ya sauka, ya hau sama, ya sayi wani tikitin, ya sake sauka. Za su ce maka lantarkin jiragen ba iri ɗaya ba ne, na New Jersey daga wayar sama suke ja, na Long Island daga wani ƙarfe na uku da ke gefen layi. Gaskiya ne. Amma ana ƙera jiragen da ke amfani da duka biyun, kuma a nan New York ɗin ma akwai irinsu da ke zuwa New Haven. Abin da ya gagara shi ne hukumomi uku su yarda wani ya taka gonar wani.

Shi kuwa Garden yana zaune daram, kuma a kan gata. Tun 1982, zamanin magajin gari Ed Koch, aka yafe masa harajin kadara don kada ƙungiyar ƙwallon kwando ta Knicks da ta hokin ƙanƙara ta Rangers su bar gari. Koch da bakinsa ya ce daga baya shi ya ɗauka na shekara 10 ne. Yafiyar tana nan har yau, kuma ta haura dala miliyan 40 a kowace shekara, ga iyalan Dolan, masu Garden ɗin, da ba wanda ya taɓa jin sun kwana da yunwa. Da izinin shekara 50 ya ƙare a 2013, majalisar birni ta yi ta kumfar baki, ta ba da shekara 10 don Garden ya nemi wurin komawa. Bai gusa ko da taku ɗaya ba, kuma ba wanda ya nema masa wurin da gaske. A 2023 suka ƙara masa shekara 5. Ku 'yan majalisa, wa kuke tsoratarwa da wa'adin da ku da shi duk kun san za a sabunta?

Za a ce ai an yi aiki, ga zauren Moynihan. An yi, kuma yana da kyau. Sanata Daniel Patrick Moynihan ne ya yi ta fafutukar a mai da tsohon gidan waya na Farley, da ke tsallaken babban titi na 8, ya zama zauren jirgi, tun shekarun 1990. Ya rasu a 2003, zauren bai buɗe ba sai 1 ga Janairu, 2021, a kan dala biliyan 1.6. Rufin gilashi ne, haske ya dawo. Sai dai bai ƙara layi ko ɗaya ba, bai ƙara jirgi ko ɗaya ba. Na Amtrak ne da Long Island, kuma akwai layukan jiragen New Jersey da ba a ma iya kaiwa gare su daga can. Ya fi nisa da inda mafi yawan ma'aikata ke nufa, don haka yawancin masu zirga-zirgar yau da kullum suna nan a tsohon ramin. Ga wani abin da ya fi ba ni haushi: babban zauren ba a sa masa kujerun jama'a ba. Wurin zama na cikin keɓaɓɓen ɗaki, sai ka nuna tikiti, ko kuma ka je wajen masu sayar da abinci. Shi ya sa ake ganin mutane zaune a ƙasa sun jingina da bango da jakunkunansu, a ginin biliyan ɗaya da rabi da ɗoriya. Kowa ya san dalili, ana gudun marasa matsuguni su zo su kwanta. Don a kori mabuƙaci, an hana tsohuwa da mai ciki wurin da za su huta. Wanda ya yanke wannan shawara ya ji kunya.

Na yaba da faɗaɗa babbar hanyar fasinjan Long Island da aka kammala a 2023, inda aka ɗaga rufi zuwa ƙafa 18 aka kusa ninka faɗinta. Wannan aiki ne da mai tafiya aiki ke jin daɗinsa a jikinsa kullum. Irinsa ne ya yi kaɗan.

Wanda ke zaton an ɗauki darasi daga 1963, ya dubi tsallaken babban titi na 7. Gwamnan jihar New York Andrew Cuomo ya zo da shirin a ba 'yan kasuwar gidaje damar gina dogayen benayen ofisoshi har 10 a kewayen tashar, wai da kuɗin da za su kawo za a gyara ta. Babban mai filaye a wurin shi ne kamfanin Vornado. Cuomo ya sauka a 2021, magajiyarsa Kathy Hochul ta ci gaba da shirin. Ana cikin haka Vornado ya rushe Otal ɗin Pennsylvania, ginin 1919 da masu zanen tsohuwar tashar suka tsara don baƙinta, wanda shi ma aka bari ya lalace kafin a ce ba shi da gyara. Kasuwar ofisoshi ta faɗi bayan korona, kamfanin ya ce ba yanzu zai yi gini ba, a Yunin 2023 Hochul ta raba gyaran tashar da zancen benayen. Otal ya tafi, benen bai zo ba. Ciniki iri ɗaya ne da na Felt: a ba mai fili abin da yake so yau, fasinja ya jira rabonsa gobe.

Masu begen tsohuwar tasha ma ba zan ƙyale su ba. Akwai masu kiran a sake gina ta yadda take, ginshiƙi da gaggafa da komai, suna yawo da zane-zane masu ɗaukar ido. Duk shekara biyu ko uku sai wani gwamna ko wani kamfani ya tara 'yan jarida ya nuna hoton zaure mai walƙiya, da mutanen kwamfuta suna tafiya cikin nishaɗi, ba mai gudu, ba mai gumi. Ba na ƙin kyan gini. Amma an bar jaki ana dukan taiki, domin abin da ke sa ma'aikaci ya makara yana can ƙarƙashin kogi, inda ba a zuwa yanke kyalle a ɗauki hoto.

Duk jirgin da ke shigowa daga New Jersey, da duk na Amtrak daga Washington da Philadelphia, ta ramuka biyun nan na Cassatt yake bi, layi ɗaya shiga, ɗaya fita. Jirage kusan 450 a rana, 24 a awa ɗaya lokacin cunkoso. Idan aka rufe ɗaya don gyara, adadin zai faɗo zuwa wajen 6 a awa. Kafin ramin kuma jirage sun daɗe suna bin gadar Portal a kan kogin Hackensack, ita ma ta 1910, mai juyawa don jiragen ruwa su wuce, wadda ta yi suna wajen ƙin komawa daidai har sai ma'aikata sun sa guduma. An san da wannan haɗari tun tuni. A 2009 aka fara aikin sabon rami mai suna ARC, na kimanin dala biliyan 8.7. A Oktoban 2010 gwamnan New Jersey, Chris Christie, ya soke shi, ya ce yana tsoron kuɗin zai zarce ƙiyasi jiharsa ta ɗauki nauyi, sannan wani kaso na kuɗin ya tafi ga gyaran tituna. Shekara biyu bayan haka guguwar Sandy ta cika tsofaffin ramukan da ruwan gishiri. An zuƙe ruwan, gishirin ya zauna a cikin kankare da wayoyi yana cin su sannu a hankali. A 2017 jirage suka yi ta sauka daga layi a cikin tashar kanta, har aka rufe wasu layuka a watannin Yuli da Agusta don gyaran gaggawa. Christie ya yi ta tinƙaho da cewa ya kare aljihun talakan New Jersey, kuma wannan talakan ne ke tsaye a dandamalin Newark yana kiran wurin aikinsa yana ba da haƙuri.

Ramin da ake haƙawa yanzu a ƙarƙashin shirin Gateway zai ci kimanin dala biliyan 16, kusan ninki biyu na wanda aka soke. Shi ma bai tsira daga hannun 'yan siyasa ba. A Afrilun 2025 ma'aikatar sufuri ta tarayya ta karɓe aikin gyaran tashar daga MTA ta miƙa wa Amtrak, aka ɗauko Andy Byford, tsohon shugaban sufurin birnin New York da na Landan, ya jagorance shi. A Oktoban shekarar kuma gwamnatin tarayyar ta sanar da riƙe kuɗin ramin, ana tsakiyar rigimar kasafin kuɗi da 'yan adawa a Washington. Da hannun dama aka yi alkawarin sabuwar tasha, da na hagu aka yi garkuwa da ramin da jiragenta za su bi.

Jadawalin masu aikin ya ce sabon ramin zai fara ɗaukar jirage a 2035, a gama gyaran tsofaffin a 2038. Ma'aikacin da ke da shekara 30 a ranar da Christie ya soke ARC zai kai 55 kafin ya bi ta sabon rami, idan an cika alkawari, idan kuma aikin Cassatt ya yarda ya jira.